"Kawu, a turo mini wanda aka riga aka yi": yadda za ka rubuta disertasiyo da hannunka

Wani daren Laraba cikin watan Maris, bayan lisha, ina kwance kan tabarma a tsakar gida don an ɗauke wuta, sai salulata ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne, wanda ke tarminal, ajin ƙarshe na lise, a bana. Ko rubutawa bai yi ba, murya ya aiko: "Kawu ina wuni, ya gajiya. Don Allah an ba mu dabuwar na faransanci a kan ci-rani. In kana da wanda aka riga aka yi ka turo mini, Litinin za a karɓa." Disertasiyo yake nufi, wato rubutun da ake ba ka wata magana ka tattauna ta da dalilai. Ashe kafin ya zo kaina ya jefa roƙon nan a gungun WhatsApp har uku, an ma turo masa guda biyu. Ɗaya na maganar samarin Senegal masu shiga kwale-kwale zuwa Sifen, ɗayan kuma an yanke masa kai da ƙafa wajen ɗaukar hoto. Na ce masa, "Ka zo gobe da la'asar, da bik da kaye."

Shekara 26 na yi ina koyar da faransanci a kolej da lise a nan Damagaram, kuma irin wannan roƙo ya girmi salula. Da can kayen yaya ake ara, yanzu waya ake dannawa. Ba wa'azi zan yi maka ba kan haramcin satar amsa, wannan liman ya fi ni iyawa. Abin da na sani shi ne abin ba ya ci, kuma na ga inda yake karyewa.

Wata shekara, a wani kolej da ba sai na faɗi sunansa ba, na ba ƴan turwazem, ajin ƙarshe na kolej, redaksiyo, na ce kowa ya kwatanta lokacin da ya fi so a shekara. Cikin takardu saba'in da ƴan kai, tara suka zo mini da dusar ƙanƙara: itatuwa sun yi fari fat, iyali na zaune gaban murhun bango, kaka na saƙa rigar sanyi. A Damagaram fa, inda a watan Afrilu ko takalmin roba sai ya yi laushi in ka tsaya kan dutse. Dukansu tara kuskure ɗaya suka yi a layi na huɗu, don wanda ya fara kwafa shi ya tsallake kalma. Wata yarinya ƴar Garin Malam kuwa hunturu ta rubuta: buji ya rufe rana, leɓe ya tsage, innarta na shafa musu man kaɗe, ana faɗa da ƙanne kan wanda zai fara wanka da ruwan da aka ɗumama. Faransancinta a karye yake, amma na ba ta 13 bisa 20. Su taran nan na ba su 2, ladan tawada.

Malamin da ya yi wata shida yana gyaran rubutunka ya san muryarka kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta cikin dare. In yaron da bai taɓa haɗa jimla mai layi biyu ba ya kawo maka shafi huɗu sumul, ba ka buƙatar wata na'ura kafin ka gane. Ko da ka tsira a aji, ranar bak, jarrabawar gama lise, salula ba ta shiga ɗakin jarrabawa, suje kuma, wato tambayar da ake bayarwa, ba ya dawowa da rigar da ya sa bara. Wanda ya haddace disertasiyon wani zai zuba shi ko ya dace ko bai dace ba, mai gyara ya ja jan layi ya rubuta cewa an fita daga suje. Shi ke nan, shafi huɗu sun tafi a banza.

To, ga abin da muka yi da yaron nan ranar Alhamis, kuma shi nake yi da kowane ɗalibi.

Farko na sa ya karanta suje sau uku, sannan ya faɗa mini shi da Hausa. Ga abin da aka ba su: wasu na ganin ci-rani shi ke raya ƙauyukanmu, wasu na cewa shi ke kashe su, a tattauna. Ya ce, "Ana so mu yi magana a kan ci-rani." Na ce a'a. In haka ne ai na Senegal ɗin ma ya isa. Ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke ɗauke da nauyi: raya, kashe, ƙauyuka. Ba a tambaye ka halin da ɗan ci-rani ke shiga a Kano ba, ba a tambaye ka abin da birni ke samu ba. An tambaye ka abin da ke faruwa da ƙauyen da aka baro. Sai ka duba kalmar umarni da ke ƙarshe. In an ce "expliquez", bayani ake so, ka tsaya gefen maganar ka warware ta. In an ce "discutez", ana so ka saurari ɓangare biyu kamar alƙali, sannan ka yanke. Rabin ɗaliban da na ga sun faɗi a wannan darasi a minti goma na farko suka faɗi, don sun ga kalma ɗaya da suka sani sun ruga da gudu. In ba ka iya faɗa wa kakarka suje da Hausa ta gane abin da ake gardama a kai ba, kada ka taɓa takarda tukuna.

Daga nan sai buruyo, wato rubutun gwaji kafin na miƙawa, kuma nan ne aikin yake. Na ce ya raba shafi biyu, dama "raya", hagu "kashe", ya zuba duk abin da ya zo masa, da Hausa. Ya dube ni kamar na ce ya yi saɓo. Na ce kai da Hausa kake tunani, faransanci riga ce da za ka sa wa tunanin daga baya. Tun ƙarshen watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki, amma ko kafin nan ba wanda ya taɓa hana ɗalibi yin buruyo da harshen uwarsa. Dabuwar ɗin dai da faransanci za a miƙa shi.

Minti biyar ya yi yana tauna bik, shafi fari. Ya ce ba shi da ra'ayi. Wannan ƙarya ce da kowane ɗalibi ke yi wa kansa, kuma maganinta tambaya ɗaya ce: wa ka sani? Na ce wa ka sani da ya tafi? Sai baki ya buɗe. Mai tura musu ruwa a bido ɗan wajen Matamaye ne, bayan girbi yake zuwa, ruwan farko na sauka ya koma. Yayan abokinsa ya yi shekara uku a Libiya, ya dawo ya yi wa gidansu rufin kwano ya sayi babur yana kabu-kabu. Wani maƙwabcinsu kuma ya tafi tun yaron na firamare, har yau ba labari, matar na nan da ƴaƴa huɗu, ba a san ko mai aure ce ko bazawara ba. Na ce rubuta. Kafin a kira magariba shafin ya cika ya koma baya.

Abin da ka gani da idonka shi ne jari, amma sai ka ƙara masa abin da aka sani a ƙasa baki ɗaya, don mai gyara ya ga ba hirar fada kake yi ba. Nan na taimaka masa, kuma irin taimakon da ya kamata ka nema ke nan. Na tuna masa cewa tafiya ba sabon abu ba ce a garin nan: unguwar Zango masaukin fatake ce tun zamanin da ayarin raƙuma ke saukowa ta Agadas su yada zango a nan kafin su wuce Kano. Na tuna masa damina a wajenmu wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, saura wata takwas manomin gero ba shi da aiki a gona, rumbu kuma ba ya kaiwa wata damina. Duk wanda ya tafi, baki ɗaya ya ragu a kan rumbu, wannan ma dalili ne na ɓangaren dama. A ɓangaren hagu na ba shi abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. Shi yana ƙarami lokacin, bai san da zancen ba. Na kuma ce ya tambayi kowane ɗan canji a kasuwar Dole yadda naira ta zube a gaban sefa tun 2023, ya ga abin da guzurin mai dawowa daga Kano ya koma. Ka ga wannan ba za ka same shi a disertasiyon da aka rubuta a Dakar ba.

Af, kada ka raina tambayar tsofaffi. Jami'ar garin nan sunan André Salifou take ɗauke da shi, ɗan Damagaram da aka haifa a 1942 ya rasu a 2022, wanda ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Tarihin Damagaram na ƙarni na 19 da ya rubuta, bai tsaya ga takardun Turawa kaɗai ba, har da abin da ya ji daga bakin dattawa. In farfesa ya zauna gaban tsoho ya saurara, ɗan tarminal bai fi ƙarfin ya tambayi kakarsa ba.

Da buruyo ya cika sai kasawa, kamar mai tumatir a bakin kasuwa. Abin da ya yi kama da juna ka tara shi wuri ɗaya, ruɓaɓɓe ka zubar. Kashi na farko, abin da ke goyon bayan maganar, malamanku na ce masa tez. Kashi na biyu, abin da ke ja da ita, antitez. Kowanne ka tsayar masa da dalili biyu ko uku masu ƙarfi, sun fi bakwai masu rauni. Yaron ya so ya sa duk abin da ya rubuta don ya ji zafin zubarwa, na soke masa rabi.

Kashi na uku, santez, shi ne maƙabartar ɗalibai. Yawanci abin da suke rubutawa shi ne, "ci-rani na da amfani kuma yana da illa", su sa aya. Wannan ai suje ne ka maido wa mai shi. A kashi na uku ana so ka gano abin da ya sa ɓangarorin biyu ke gardama, kuma sau da yawa za ka tarar kalma ɗaya suke faɗa amma abu biyu suke nufi. Na ce masa dubi mutanenka uku. Mai bidon da ke komawa da ruwan farko da maƙwabcin da ya ɓace, duk ci-rani ne? Ya yi shiru, can ya ce a'a, na farko bai bar gonarsa ba. Na ce to ga santez ɗinka nan, kai ka faɗe shi, ba ni ba. Wanda ke tafiya tsakanin girbi da shuka yana raya gida, wanda tafiyarsa ta cinye damina, ko ta kwashi mata da yaran makaranta, shi ke kashe shi. Daga nan hanya ta buɗe a yi maganar abin da ke riƙe mutum a gida da rani, kamar lambunan Mirriya da Gidimuni da raken Korama, inda akwai ruwa kusa kuma hannu ba ya zama banza.

Sakin layi kuwa abu uku ne ke tsayar da shi, kamar duwatsun murhu: ra'ayi, dalili, misali. Ka faɗi abin da kake nufi a jimla ɗaya, ka ce don me, ka nuna mutum ko wuri ko shekara. Ga wanda ya fara yi da Hausa kafin ya juya shi:

"Ci-rani na rage wa rumbu nauyi. Geron da aka girbe a Oktoba ba ya kai gida zuwa wata damina in kowa na ci. Idan samari biyu suka tafi birni wata shida, abincinsu ya rage wa yara da tsofaffi, ga ɗan abin da suke aikowa. Masu tura ruwa a unguwanninmu da yawa irin waɗannan ne, ana ganinsu bayan girbi, a neme su a rasa da saukar ruwan farko."

Ba wata kalma mai tsada a ciki, amma mai gyara ba shi da inda zai sa jan bik.

Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta a buruyo, don ba ka yi wa baƙo kwatancen gidan da ba ka gina ba. Aikinta uku: ta kawo suje, ta mai da shi tambaya, ta faɗi hanyar da za a bi. Layi takwas zuwa goma sun isa. Roƙona ɗaya, ka rabu da "tun da aka halicci duniya ɗan Adam ke tafiya". Na karanta wannan jimla sau dubu, kuma da na gan ta na san mai ita bai san ta inda zai shiga ba. Ka fara da tasha bayan girbi, motoci cike da samari da ƴan buhunansu. Kammalawa ita ce amsar tambayar da ka yi a gabatarwa, gajeriya, ba sabon dalili a cikinta.

Sai zancen ambato. Ɗalibai sun ɗauka disertasiyo ba ya cika sai da "kamar yadda wani babban marubuci ya ce". Wane ne? In ba ka tabbata da sunan mutum da ainihin kalmominsa ba, bar shi. Waɗanda ke yawo a waya rabinsu an liƙa wa wanda bai faɗa ba, kuma mai gyara ya karanta littattafan da ke cikin manhaja fiye da kai. Littafin da kuka yi a aji, in ya dace, kawo shi. In babu, kana da karin magana, kuma a wannan suje ma Bahaushe ya riga ya yi maka tez da antitez: ya ce tafiya mabuɗin ilimi, ya kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka fassara, ka ce karin maganar Hausa ce. Ban taɓa rage wa ɗalibi maki a kan haka ba.

Wajen juyawa zuwa faransanci, yi gajerun jimloli. Duk jimlar da ta wuce layi biyu, yanka ta. Kalmar da ba ka san ma'anarta sarai ba kada ka ɗauke ta don ƙyalli, duba ƙamus ko ka sa wadda ka sani. In ka gama, karanta da ƙarfi, kunne na kama abin da ido ya tsallake, sannan ka bi fi'ili ɗaya-ɗaya ka ga ya dace da mai aikinsa. Ranar jarrabawa, in an ba ka awa huɗu, ka ba suje da buruyo awa ɗaya da rabi, rubutu awa biyu, sauran na dubawa. Kada ka rubuta dukan disertasiyo a buruyo ka ce za ka kwafe, lokaci ba zai kai ka ba. Gabatarwa da kammalawa da ƙashin tsari kaɗai ake yi a can.

Ban ce ka daina neman taimako a waya ba. Yadda ake nema ne ya bambanta. Wanda ya rubuto "wa ke da disertasiyo kan ci-rani, da gaggawa" zai sami ragowar wani. Wanda ya ɗauki hoton buruyonsa ya ce, "Ga tsarina, kashi na uku ya ƙi fita, me na rasa?" ko "Wannan jimlar daidai take?" zai sami amsa daga mutanen da suka san abin, don sun ga ya yi gumi. Ni kaina irin wannan saƙon ko tsakar dare ne ina amsawa. Littattafan tsofaffin suje da gyaransu suna da amfani, amma bayan ka yi naka ake buɗe su, ka gwada tsarinka da nasu, ka ga inda suka bi da ba ka bi ba. In ka fara karanta su, kanka ya rufe, ba za ka ƙara ganin wata hanya ba sai tasu. Haka ChatGPT da ire-irensa: in ka ce ya rubuta maka, zai ba ka abu mai santsi wanda ba ƙurar Damagaram ko ɗaya a jikinsa, wani lokaci har da ambaton da ba a taɓa yi ba. In ka ba shi sakin layinka ka ce ya nuna maka kuskuren nahawu da dalilinsa, wannan kam aiki ne, sai dai ka duba abin da ya ce a littafinka.

In kuwa dare ɗaya ya rage maka, kamar yadda kuka saba, kada ka firgita. Minti ashirin na suje, minti arba'in na buruyo, ka rubuta shafi ɗaya da rabi naka. Zai kawo 9 ko 10, kuma jan bik ɗin da zai dawo a kai naka kuskuren zai nuna, wanda za ka iya gyarawa kafin bak.

Ku kuma yayye da ke jami'a, da ku nake. Na san kunya ce ke sa ku tura, kada ƙane ya ce an hana shi. Kira shi minti goma ya fi: me suje ya ce da Hausa, wa ka sani, me za ka sa a kashi na uku. Kiredin ba shi da yawa.

Bayan sati biyu yaron ya zo da takardarsa, 11 bisa 20. Malaminsu ya rubuta a gefe cewa misalai sun yi kyau, kashi na uku gajere ne, ga kuskuren fi'ili goma sha. Yana ta cika yana batsewa, wai abokinsa da ya kwafi na Senegal 12 ya samu. Ko malamin bai gane ba, ko ya gane gajiya ta hana shi magana, aji mai mutum tamanin ba wasa ba ne. Na ce ya kawo takardar, muka bi fi'ilan nan ɗaya-ɗaya har aka kira lisha, innarsa ta aiko a ce ya dawo gida.

Shekaranjiya da dare ya sake aiko saƙo, wannan karon na falsafa ne, a kan ko aiki bauta ne ko ƴanci. Hoton buruyo ne, a karkace, babban yatsansa ya rufe rabin ɓangaren hagu. Na ce ya matsa kusa da fitila ya sake ɗauka.